Ƙuri'a a Bakin Gadon Majiyyaci: Tarihin Gwajin Maganin Kumburi daga Oksfod zuwa Sayam Foraj

Gabatarwa

Ranar Alhamis 19 ga watan Maris na shekarar 2020 hukumomin kiwon lafiya na Jamhuriyar Nijar suka ba da sanarwar samun mutum na farko da ya kamu da cutar korona a birnin Yamai. A wannan rana ce kuma, can a ƙasar Ingila, aka shigar da majiyyaci na farko cikin wani gagarumin gwajin magunguna da jami'ar Oksfod ta shirya, wanda aka laƙaba wa suna RECOVERY. Kafin a cika kwana 90 gwajin ya fito da maganin farko da aka tabbatar yana rage mutuwar waɗanda cutar ta kwantar a asibiti. Abin mamaki, maganin tsoho ne mai arha, sunansa deksametazon, kuma ya daɗe yana yawo a kan faifan masu tallar magani a kasuwannin Difa da Damagaram da Kano.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka kai ga wannan sani, ta kuma auna shi da halin da ake ciki a wani wuri mai nisa da Oksfod, wato sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Foraj da ke jahar Difa. Tambayoyin da za ta tunkara guda uku ne: ta yaya ake gane cewa magani yana warkarwa? Wane haƙƙi majiyyaci yake da shi idan za a yi gwaji da jikinsa? Kuma shin abin da aka gano a wata ƙasa yana aiki daidai a kowace ƙasa?

Sayam Foraj da kwarin Komadugu

Kogin Komadugu Yobe shi ne ya raba jahar Difa da arewa maso gabashin Nijeriya kafin ya zuba a tafkin Cadi. Mazauna gaɓoɓinsa biyu dangin juna ne, akasarinsu Barebari, tare da Fulani da Larabawa da Hausawa, kuma sun shahara da noman tattasai da kamun kifi. Rikicin Boko Haram ya wargaza wannan zama. A watan Nuwamba na 2014 mayaƙan ƙungiyar suka mamaye garin Damasak, dubban mutane suka tsallako kogin. A ƙarshen watan Disamba na wannan shekara gwamnatin Nijar da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wadda aka fi sani da HCR, suka buɗe sansani a Sayam, kimanin kilomita 45 daga garin Difa, nesa da iyaka saboda tsaro. Kalmar foraj da aka liƙa wa sunan daga Faransanci take, tana nufin rijiyar burtsatse.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 yaƙin ya shigo ƙasar Nijar da hare-haren Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babura. Ya zuwa 2020 mutum sama da 250,000 ne rikicin ya raba da gidajensu a jahar, mafi yawansu suna zaune cikin bukkoki a gefen babbar hanya mai lamba 1 ko a cikin garuruwa. Shi kuwa sansanin Sayam, yawan mazaunansa ya haura 30,000 a shekarun da suka biyo baya.

Jama'ar wannan yanki ba baƙin annoba ba ne. A 2017 ciwon hanta mai lamba E, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, ya ɓarke a jahar ya kashe gommai, akasarinsu mata masu juna biyu. Saboda haka da korona ta iso, fargabar ma'aikatan lafiya a fili take: cunkoso a cikin bukkoki, ƙarancin ruwan wanke hannu, ga kuma nisa, domin tsakanin Difa da Yamai, inda cibiyar bincike ta CERMES take gwajin cutar a farkon lamari, akwai tafiyar fiye da kilomita 1,300. Allah ya taƙaita, adadin da aka tabbatar a Nijar baki ɗaya bai kai mutum 10,000 ba, mamata kuma 300 da ƴan kai, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne. A Kano kuwa, ministan lafiya na Nijeriya Osagie Ehanire ya bayyana a watan Yuni 2020 cewa cikin mutum 979 da suka rasu a wata guguwar mace-mace ta watan Afrilu, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona.

Tushen gwaji: daga Bagadaza zuwa Landan

Matsalar gane ingancin magani tsohuwa ce. Yawancin masu ciwo suna warkewa ko an ba su magani ko ba a ba su ba, wasu kuma suna mutuwa ko da an yi musu dukkan abin da ya dace. Idan mutum ya sha jiƙo ya miƙe, zai yaba wa jiƙon, alhali mai yiwuwa jikinsa ne ya yi aikin. Hanya ɗaya ce ta raba gardama, ita ce kwatanta waɗanda aka ba maganin da waɗanda ba a ba ba.

Malamin likitanci Abubakar al-Razi, wanda ya shugabanci asibiti a Bagadaza ya kuma rasu wajajen 925, ya ba da labari cikin littafinsa al-Hawi cewa ya sami majiyyata masu alamun ciwon da ke kama lulluɓin ƙwaƙwalwa, sai ya fitar wa wani rukuni jini, ya ƙyale wani rukunin da gangan domin ya ga bambanci. Likitocin yau ba su yarda fitar da jini yana maganin sanƙarau ba, amma sun yarda da dabararsa ta kwatanci. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya shimfiɗa sharuɗɗa 7 na gwada magani a cikin al-Ƙanun, daga ciki akwai cewa dole amfanin maganin ya riƙa maimaituwa, kuma dole a gwada shi a jikin ɗan Adam, domin abin da ya yi wa doki aiki ba lalle ne ya yi wa mutum ba.

A 1747 wani likitan jiragen ruwan Birtaniya, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da ciwon da ke sa dasashi zubar jini, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni magani dabam. Waɗanda suka sami lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka farfaɗo. Duk da haka sai a 1795 rundunar ruwan ƙasar ta wajabta ba matuƙa ruwan lemo.

Saura wata matsala. Idan likita ne zai zaɓi wanda za a ba sabon magani, zuciyarsa za ta iya karkata, ko ya ba masu sauƙi-sauƙi domin sakamako ya yi kyau, ko ya ba masu tsanani saboda tausayi. A 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin tarin fuka mai suna siteraftomaisin a Birtaniya, inda masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya kawo mafita: a bar ƙuri'a ta yi zaɓen. Aka rufe sunan rukunin kowane majiyyaci cikin ambulan, ba wanda ya san abin da ke ciki sai an buɗe. Cikin wata 6, mutum 4 daga cikin 55 da suka sami maganin suka rasu, a ɗaya rukunin kuma 14 daga cikin 52. Tun daga lokacin, gwaji ta hanyar ƙuri'a ya zama ma'aunin da ake auna kowane magani da shi.

Maganin kumburi, wuƙa mai kaifi biyu

Kumburi da zazzaɓi alamu ne na yaƙin da garkuwar jiki ke yi da cuta. Jiki kuma yana da linzamin da yake ja wa wannan yaƙi, wato wani sinadari da wata ƴar tsoka da ke bisa ƙoda take fitarwa. A watan Satumba 1948, a asibitin Mayo na ƙasar Amurka, likita Philip Hench ya yi wa wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar allurar irin wannan sinadari, wanda aka kira kotizon, cikin ƴan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein lambar yabo ta Nobel. Deksametazon jikan kotizon ne, an haɗa shi a 1957, ya ninka shi ƙarfi sau da dama, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977.

Ganin yadda yake kwantar da kumburi, likitoci suka riƙa ba da shi da danginsa a kusan duk ciwon da ke da kumburi, bisa zaton alheri. Gwaji ne ya riƙa tona asirin wannan zato. A 1982, a ƙasar Tailan, aka gwada deksametazon a kan mutum 100 da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, sai aka ga waɗanda suka same shi sun fi daɗewa a some. A 2004 wani gwaji da ya haɗa mutum 10,008 da suka sami rauni a ka ya nuna cewa wani ɗan'uwan maganin, wanda aka shekara fiye da 30 ana ba irin waɗannan majiyyata, ƙara mutuwa yake yi: kashi 21 cikin ɗari, maimakon kashi 18. Saboda irin wannan tarihi, da kuma abin da aka gani lokacin cututtukan numfashi na SARS da MERS, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a farkon 2020 ita ce kada a riƙa ba masu korona irin waɗannan magunguna sai a cikin gwaji.

Kwana 89 na gwajin RECOVERY

A watannin farko na annobar, duniya ta cika da magungunan da aka yi wa shela ba tare da hujja ba. Ranar 20 ga Maris 2020 Farfesa Didier Raoult na birnin Marsai a Faransa ya buga rahoto a kan majiyyata 36 kacal, ba tare da ƙuri'a ba, yana cewa wani ɗan'uwan nibakin yana kashe ƙwayar cutar. Ƙasashe irin su Senegal da Burkina Faso suka rungumi maganin, a Legas kuma har aka kwantar da mutane saboda sun sha fiye da kima. A watan Afrilu shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya ƙaddamar da jiƙon tazargade mai suna Covid-Organics, aka yi ta aika shi ƙasashen Afirka. Kowa na neman tudun dafawa, kuma mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Malaman Oksfod biyu, Peter Horby da Martin Landray, suka bi wata hanya. Sun ga yadda aka makara wajen shirya gwaji lokacin murar 2009 da kuma Ebola ta 2014, har annoba ta wuce ba a koyi abin kirki ba. Sai suka tsara gwaji mai sauƙin gaske: takardun cikawa kaɗan, kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a, tambaya kuma guda ɗaya, wato wa ya rayu bayan kwana 28. Asibitoci 176 na Birtaniya suka shiga, kafin 8 ga Yuni an shigar da majiyyata fiye da 11,000.

Sakamakon farko ya fito ranar 5 ga Yuni: maganin da aka yi ta yayatawa daga Marsai ba ya rage mutuwa. Ƙididdigar ƙarshe ta nuna kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka sha shi sun rasu, a rukunin kwatanci kuma kashi 25. Mujallar da ta buga rahoton Raoult ta janye shi a Disamba 2024.

Ranar 16 ga Yuni aka bayyana sakamakon deksametazon. Mutum 2,104 ne ƙuri'a ta ba miligiram 6 a kowace rana har tsawon kwana 10, aka kwatanta su da 4,321 da suka sami kulawar da aka saba. A cikin waɗanda injin numfashi ke riƙe da su, mutuwa ta sauko daga kashi 41 zuwa kashi 29 cikin ɗari, ma'ana cikin kowane mutum 8 da aka ba maganin an ceci ran 1. A cikin waɗanda ke shaƙar iskar oksijin kawai, ta sauko daga kashi 26 zuwa 23. Amma a cikin waɗanda numfashinsu bai kai ga buƙatar taimako ba, maganin bai amfana ba, har ma alƙaluman sun karkata wajen cutarwa: kusan kashi 18 a rukunin maganin, 14 a ɗaya rukunin.

Dalilin wannan bambanci yana cikin tafiyar cutar. A makon farko ƙwayar cutar ce ke hayayyafa, jiki na buƙatar garkuwarsa da dukkan ƙarfinta, don haka duk abin da zai ja mata linzami taimakon abokin gaba ne. A mako na biyu, ga wasu mutane, garkuwar ce ke wuce gona da iri, huhu ya kumbura ya cika da ruwa, iska ta kasa shiga jini. A nan ne jan linzami ke ceton rai. Kuɗin maganin na kwana 10 a Birtaniya bai wuce fam 5 ba, ƙasa da jika 4 na kuɗin sefa. Ranar 2 ga Satumba 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta: a ba masu tsananin ciwo, kada a ba masu sauƙi. A watan Maris 2021 hukumar lafiya ta Ingila ta ƙiyasta cewa maganin ya ceci rayuka kusan miliyan 1 a duniya.

Gwajin ya ci gaba. Ya tabbatar da amfanin wasu magungunan kumburi biyu masu tsada, tosilizumab a 2021 da barisitinib a 2022, ya kuma nuna cewa asfirin da azitoromaisin da ruwan jinin waɗanda suka warke ba su rage mutuwa. A 2023 ya nuna cewa ninka yawan deksametazon ga masu shaƙar oksijin kawai yana ƙara mutuwa daga kashi 12 zuwa kashi 19. Daga 2021 aka faɗaɗa shi zuwa ƙasashe irin su Nepal da Indonisiya da Biyetnam da Gana da Afirka ta Kudu, daga baya kuma aka soma gwada deksametazon ga waɗanda mura mai tsanani ta kwantar a asibiti. Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka yi wannan gwaji.

Tabon Kano na 1996

A ƙasar Hausa ba a ambaton gwajin magani ba tare da an tuna da Kano ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da tawaga asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda jama'a ke kira Asibitin Zana, domin gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara 200. Kimanin rabinsu aka ba Trovan, saura aka ba seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi.

A Disamba 2000 jaridar Washington Post ta bankaɗo lamarin. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, ba a kuma sanar da su cewa a cikin asibitin akwai ƙungiyar likitoci ta MSF da ke ba da tabbataccen magani kyauta ba. Aka gano cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan wata. Kwamitin da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya kammala a 2001 cewa gwajin ya saɓa wa doka. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ya sami yardar iyaye da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, aka soma biyan iyalai a 2011.

Ƙa'idar neman yardar majiyyaci ba sabuwa ba ce a lokacin, domin an rubuta ta a Nurambag a 1947 bayan shari'ar likitocin Nazi, aka ƙarfafa ta a Helsinki a 1964. Ɓarnar taka ta ta wuce yara 200. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Da wasu jihohin arewacin Nijeriya suka dakatar da allurar rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin hujjojin da aka riƙa kawowa. Kano ba ta koma ga allurar ba sai a Yuli 2004, kuma a shekarun nan cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20.

Abin da aka gwada a Nijar

Kuskure ne a ɗauka cewa darasin Kano shi ne a guji gwaji. Tarihin Nijar ya nuna akasin haka. A 2003, lokacin wata annobar sanƙarau, cibiyar bincike ta Epicentre, reshen MSF, tare da ma'aikatar lafiya sun kwatanta allura ɗaya ta seftiriyazon da tsohuwar allurar kuloramfenikol mai maiƙo a kan majiyyata 510, aka ga ƙarfinsu ɗaya, abin da ya ba ƙasashen Sahel madadi a daidai lokacin da tsohon maganin ke neman yankewa. A gundumar Madarunfa ta jahar Maraɗi aka gwada rigakafin zawon yara mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna yana rage zawo mai tsanani da kashi 67 cikin ɗari. A jahar Doso kuma, wani gwaji da aka buga a 2018 ya nuna cewa raba wa ƙananan yara azitoromaisin sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kashi 18 cikin ɗari. Rashin tsaro ma bai zama hujja ba: a gabashin Kwango, ana tsakiyar yaƙi, gwajin da Farfesa Jean-Jacques Muyembe ya kasance cikin jagororinsa ya fito da magungunan Ebola biyu a 2019.

Akwai dalilin da ya sa dole a yi gwaji a gida. A 2002 wani gwaji a Turai ya nuna deksametazon yana rage mutuwar manya masu sanƙarau daga kashi 15 zuwa kashi 7 cikin ɗari. Da aka gwada shi a birnin Bilantaya na Malawi, a kan yara 598 a 2002 da manya 465 a 2007, ba a ga wani amfani ba. Maganin ɗaya ne, cutar ɗaya ce, amma majiyyatan Malawi sun fi isowa asibiti a makare, ga tamowa, ga ƙanjamau. Kowane allazi da nasa amanu.

Ma'anar sakamakon ga Sayam

Idan aka ɗora sakamakon Oksfod a kan ƙasar Sayam, abubuwa huɗu ne ke fitowa.

Na farko, deksametazon abokin tafiyar oksijin ne. Dukkan waɗanda ya amfana suna samun iskar oksijin ko taimakon inji. Ƙwayar magani tana da arha, amma tulun oksijin da wutar lantarki da motar ɗaukar majiyyaci zuwa asibitin jaha a Difa su ne masu tsada. Ganin irin wannan giɓi ne ya sa babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a kan samar da oksijin a watan Mayu 2023.

Na biyu, sai an auna kafin a bayar. Ƴar na'urar da ake maƙala wa yatsa ita ce ke nuna ko oksijin na jini ya sauka ƙasa da kashi 90 cikin ɗari, wanda yana cikin alamun tsanani. To amma wani bincike na jami'ar Mishigan da aka buga a Disamba 2020 ya nuna cewa na'urar takan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan sau 3 fiye da farar fata, domin ba a gwada ta sosai a kan baƙaƙe ba tun asali. Wanda ba ya nan lokacin awo, ba a ɗinka riga daidai da shi.

Na uku, maganin ya riga likita isa kasuwa. Deksametazon yana cikin ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu mata ke sha domin ƙiba, wasu kuma ke sha domin ciwon jiki. Shansa barkatai yana tayar da ciwon suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana iya farkar da tarin fuka da ke kwance, yana kuma ba wata irin tsutsar ciki damar bazuwa cikin jiki. Wanda ya ji a rediyo cewa an sami maganin korona ya je ya saya tun yana ɗan tari, ya sa kansa cikin rukunin da gwajin ya nuna ba ya amfana.

Na huɗu, majiyyatan RECOVERY akasarinsu dattawa ne, alhali kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ciwon numfashin da ya fi ɗaukar rai a irin wannan al'umma shi ne ciwon haƙarƙari na yara, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 740,000 a duniya a 2019. Amsar tambayar da ta shafi dattijon Landan ba za ta wadatar da yaron da ke fama da tamowa da tari cikin hunturun Sayam ba. Tambayarsa sai an yi ta a inda yake.

Kammalawa

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Sai dai cututtukan numfashi ba su yi bankwana ba, kamar yadda murar 1918, wadda ta bi layin dogo daga Legas zuwa Kano, ba ita ce ta ƙarshe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa magani ba tare da gwaji ba caca ce da rayukan mutane, gwaji ba tare da yarda ba kuma zalunci ne da ke kashe amana shekara da shekaru.

Ga ɗan gudun hijira matsalar yarda ta fi nauyi. Mutumin da abincinsa da ruwansa da rumfarsa duk daga hannun ƙungiyoyin agaji suke fitowa, da wuya ya ce a'a ga mai farar riga, sai fa in an fahimtar da shi, cikin harshen da yake ji, cewa ƙin shiga gwaji ba zai rage masa ko mudu ɗaya na rabonsa ba, kuma yana da ikon fita duk lokacin da ya so. A nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin raya harshe da al'adu yake. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma matsayi a takarda bai isa ba idan harshen ba shi da daidaitattun kalmomin da za a bayyana wa uwa abin da ake nufi da ƙuri'a, da rukunin kwatanci, da illar magani, da kwamitin ɗa'a. Haka lamarin yake ga Barbarci da Fulatanci da Tubanci da Larabcin yankin, waɗanda su ne harsunan gida na akasarin mutanen kwarin Komadugu. Tattara waɗannan kalmomi, da gwada su a bakin dattawa da ungozomomi, da shigar da labarin al-Razi da na Kano da na Madarunfa cikin darussan aji, aiki ne da ba ya buƙatar injin numfashi ko kuɗin waje, kuma lokacinsa shi ne yanzu da gadajen asibiti ba su cika ba.